Jan Layi a Akwatin Marigayi

"Lafiya lau na kwana, sai dai ganin fuskarka da sassafe," na ce wa taubashina, ɗan goggona, tsohon sojan da ya ƙare aikinsa a ma'ajiyar makamai.

Ya same ni ina jan akwatin ƙarfen marigayi mijina. Makullin ya ɓata tun rasuwarsa, ni kuwa hoton aurenmu nake so, shi kaɗai muka taɓa ɗauka, yana ciki. Na gaya masa mai walda zai ƙona kwaɗon.

Ya jingine sandarsa. "Wuta a jikin akwatin nakiya? Matata, duniya ce ta ishe ki, ko maƙwabta ne suka ɓata miki rai?"

"Wa ce matarka? Ɗan mace bawa ne. Shekara arba'in ina zama a kan akwatin nan ina tsefe kai, bai tashi da ni ba."

"Nauyinki ne ya danne shi."

"Kai da ba ka gane jikokinka sai sun yi magana, yau ka zama mai karanta ƙarfe?"

"Tsohon doki ai mai sani ne. Miƙo cokali."

Ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya shiga kankare koren fentin da ni na shafa da hannuna. Jan layi ya fito, sai hoton harshen wuta, sai shekarar da ta girme mu duka. Ya ce a zamaninsu akwati ba ya fita sai an kwashe shi, an soke tambarin, wanda ya kwashe ya rubuta lambarsa. In babu wannan, dole ya kira sojoji su tarwatsa shi a daji.

"Har da hoton?"

"Har da shi."

Ya ci gaba da kankara a hankali, bai ko tsokane ni ba. Can gefen hannun akwatin farin layi ya bayyana ya ratsa jan, da wasu lambobi a karkace. Ya daɗe yana kallonsu.

"Wane jahili ne ya yi wannan rubutun kaza?" na ce.

"Lambata ce. Ni na kwashe shi, na ba mijinki ana saura mako bikinku, ya zuba kayanki. Tunda ya riga ni samunki."

Zarto ya aro ya yanke kwaɗon. Hoton na nan cikin hular marigayi: ango, amarya, sai wani siririn soja a gefe ya ɗaure fuska kamar an ƙwace masa gona.

Na rungume hoton na ce, "Ɗauki akwatinka, bawana. Ladan haƙuri."

Ya yi dariya har da share ido. "Na yarda, uwar ɗakina. Amma kama min ɗaya hannun, bayana ya riga ni ritaya."