Ranar Da Na Mai Da Jarumi Ɓarawo

Ko tsufa zai cinye mini tunani, ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a unguwar Sa'alaba ta Jidda ba, ranar da bakina ya yanka mini wuya a gaban mata cike da falo.

A lokacin muna haya a hawa na biyu na wani tsohon gida, ni da maigidana da 'yarmu Ramla mai shekara goma sha ɗaya. Shi yana aikin sauke kaya a tashar jiragen ruwa, ni kuma ina ɗinki a gida, ina fama da wata cuta da ake kira "na yi boko". Aji uku kacal na yi a sakandare a Zariya kafin mu taho Jidda, amma yadda nake ɗaga hanci sai ka rantse ni na yaye Turanci. Duk mutanen gidan Hausawa ne, wasu a nan aka haife su, wasu umara ta kawo su suka zauna, kuma babu wadda Turancinta ya wuce gaisuwa. Shi ke nan na zama Malama.

Mu kaɗai ke da bidiyo a gidan, don haka kowace Alhamis bayan la'asar mata sukan taru a falona a sa kaset, ni kuma in zauna gefen talabijin ina fassara. Yanzu da shekaru suka ja zan iya faɗin gaskiya: a cikin kalma goma, ɗaya nake kamawa. Mutanen Amurka suna magana kamar sun cusa dankali mai zafi a baki. Sauran tara ɗin daga fuskokinsu nake karantowa, in ƙara gishiri da yaji. Akwai fassarar Larabci da ke gudu a ƙasan hoton, amma talabijin ɗinmu ƙarama ce, rubutun kamar ƙafar tururuwa, kafin mace ta haɗa baƙi biyu ya wuce. (Ni kuwa ban taɓa yi wa wannan ƙanƙantar rubutu addu'ar girma ba.)

Abin da ya ƙara mini suna shi ne iya hasashe. Ina da ƙa'ida da nake maimaita musu har sun haddace: baƙin mutum a fim ɗin Turawa hanya uku gare shi. Ko ya mutu kafin a shanye shayin farko, ko ya riƙe wa jarumi jaka, ko kuma shi ne ɓarawon. A irin kaset ɗin da muke samu, ƙa'idar ba ta taɓa ba ni kunya ba.

To ranar nan muna da babbar baƙuwa, Ummu Khalid, matar mai gidan da muke haya, Balarabiya ce daga unguwar Bani Malik. Na ji labarin tana neman wadda za ta riƙa koya wa 'ya'yanta mata Turanci a gida, kuma na riga na ga kaina a wannan kujera. Idan na samu, iƙamarmu, wato takardar izinin zamanmu a ƙasar, za ta zauna lafiya, in huta da zaman keken ɗinki da ya fara cinye mini baya. Na soya sambusa, na dafa shayi da na'ana'a, na turare falon har sai da ƙudaje suka yi hijira. Na zaunar da ita a kujera mafi kusa da talabijin don ta ji ƙwarewata da kyau. Ta buɗe jaka ta ciro tabarau ta saka. Ban kawo komai a raina ba.

Kaset ɗin maigidana ne ya aro mana wurin wani abokin aikinsa, ba kwali ba hoto. Abin da kawai ya ce shi ne irin fim ɗin nan ne na masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, masu tashi sama.

Aka fara. Wani Bature ya fito, dogo, gashi a kwance, kwat kamar yanzu aka ɗauko ta daga wurin guga.

"Ga jaruminmu nan," na ce. "Ku dubi kwarjini." Na juya wurin Ummu Khalid na maimaita mata da Larabcina na kasuwa: "Hada huwal baɗal." Ta gyaɗa kai a hankali.

Can sai ga wani baƙin mutum, ƙaƙƙarfa, cikin kayan aikin kanikanci duk baƙin mai, yana tsaye a bakin titi yana bin Baturen da ido.

"Yauwa," na ce, har da tafa hannu. "Ga ɓarawon ya iso. Kowa ta riƙe jakarta."

Aka yi dariya. Daga nan na shiga aiki ba kama hannun yaro. Mutumin ya tare wata tsohuwa a titi ya yi mata magana a hankali, na ce yana cewa ta ba shi sarƙarta ko ya karya mata wuya. Tsohuwar ta yi murmushi ta shafa masa kumatu, na ce tsoro ne ya gigita ta. Ya doki wata ƙofa da kafaɗa ta ɓalle, ya shiga ya fito da yaro a hannu, hayaƙi na biye da shi, na ce kun gani ko, har satar yara yake yi, kuma shi ya cinna wutar. Duk abin da na faɗa da Hausa sai na juya na zuba wa Ummu Khalid da Larabci, kada ladan ya wuce ta. Ita kuwa sai ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi ƙasan talabijin, ta sake duba na. Na ɗauka mamakin ilimina take yi.

Ramla ce ta fara tsinka mini zare. Tana zaune a ƙasa ta jingina da ƙafar Sitti Hawwa, wata tsohuwa da duk gidan muke ɗauka kaka, wadda mahaifinta ya zo Hajji a ƙafa tun daga Katsina aka haife ta a nan Jidda.

"Ummi," in ji Ramla, da Hausarta mai haɗe da Larabci, "lesh kike cewa harami ne? Bai saci komai ba. Yaron ma ya miƙa wa mamarsa."

"Ke yi shiru, me kika sani a fim?"

"Bas Ummi, me ya yi?"

Da na yi shiru a nan, da na tsira da sauran mutuncina. Amma baƙuwa na kallo, kuma ba na so a ce 'yar cikina ta ƙure ni. Na nuna talabijin da yatsa, daidai lokacin da fuskar mutumin ta cika gilashin, na ɗaga murya na ce:

"Ke ba ki da ido ne? Ki dubi fuskarsa mana! Wannan ta yi miki kama da fuskar mutumin kirki?"

Na waiwaya, sai na ga fuskoki goma sha wani abu suna kallona, kuma duk launinsu ɗaya da na mutumin da nake nunawa. Faffaɗan hancin nan, leɓen nan, har da 'yar wushiryarsa, wallahi in aka ce ƙanin maigidana ne babu mai musu.

Sitti Hawwa ta ajiye finjalin shayinta a hankali.

"Yarinya," ta ce, "wace fuska kike nufi? Irin tawa, ko irin taki?"

Ramla kuwa ba ta ko dube ni ba, ƙasa take kallo tana jan zaren darduma.

"Haka 'yan ajinmu suke cewa," ta ce. "In muna wasan masu tashi sama, ni kullum harami suke ba ni. Wai ni na fi dacewa."

Ban taɓa sanin wannan ba sai ranar. Na ji kamar an watsa mini tafasasshen ruwa daga ka har ƙafa. Da a ce ƙasan falon zai buɗe in faɗa ɗakin maƙwabtan ƙasa, da na gode wa Allah ko da a kan tukunyarsu na sauka.

Sai Ummu Khalid ta yi gyaran murya. Da ladabi, kamar mai ba da haƙuri, ta ce da Larabci: "Ya ukhti, ki yafe ni, tun ɗazu nake karanta rubutun. Tsohuwar can mahaifiyarsa ce, cewa ya yi ta koma gida akwai haɗari. Mai kwat ɗin kuma shi ya sa wutar."

Wato tun daga farko matar nan ta san komai. Ina zuba, tana karantawa. Ni da hannuna na ja mata kujera kusa da shaida.

Ban san yadda zan yi da fuskata ba, sai fim ɗin ya cece ni, ko in ce ya ƙarasa ni. Mai kwat ɗin nan da na yi wa kirari ya danna wani abu, wata babbar gada ta fara tsagewa, motoci cike da mutane suna zamewa za su faɗa ruwa. Kowa na gudu. Shi kuwa bakaniken da na mai da ɓarawo sai ya tuɓe rigar aikinsa, ya duƙa, ya buga ƙafa a ƙasa, ya tashi sama.

Ya tashi, jama'a! Baƙin mutum, da hancinmu da leɓenmu, ya keta iska ya shiga ƙarƙashin gadar ya sa kafaɗa ya tokare ta.

Sitti Hawwa ce ta fara. Matar da sai an kama ta take miƙewa, sai ga ta tsaye ba sanda, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa irin wadda ban taɓa ji ba tun da na bar Zariya. Falon ya kama da wuta. Wata na kabbara, wata na kiran "Namu ne! Wallahi namu ne!" Wata maƙwabciyarmu ta cire mayafi ta ɗaura a ƙugu tana juyi tsakanin farantan sambusa. Ramla ta haye kan kujera ta ware hannuwa tana ihun "Shufi, Ummi, shufi!" wato in duba. Har Ummu Khalid sai da ta tafa, tabarau na zamewa a hancinta.

Ni fa? Da farko na maƙale a gefen talabijin kamar kazar da ruwa ya doka. Amma da aka nuno shi ya dire motar ƙarshe lafiya, mutanen gari farare da baƙaƙe suna tafa masa, sai na tsinci kaina a tsaye. Shekara nawa ina kallon irin waɗannan fina-finai, ban taɓa sanin ina jiran wannan rana ba sai da ta zo. Ban san lokacin da na buɗe baki ba. Guɗar da na yi ta fi ta Sitti ƙarfi, hawaye na zuba, kwalli ya dame mini fuska.

"A'a," in ji Sitti tana haki, "Malama, ke ma ɓarawon kike wa guɗa?"

Aka sake fashewa da dariya, har da ni.

Sau uku muka mayar da wurin gadar nan baya. A na huɗu Sitti ta ce ba ta yarda ba, a mai da kaset ɗin tun daga farko, tana so ta ji abin da bawan Allahn nan yake faɗa da gaske. Haka aka yi. Ummu Khalid tana karanta Larabcin da ƙarfi, ni ina mayarwa Hausa, kalma da kalma, ba gishiri ba yaji. Ashe mutumin ma mai ladabi ne, ko ashar ɗaya bai yi ba. Ramla ta dawo ta zauna a jikina. Na raɗa mata cewa ta yafe mini. Ta ce ta yafe, amma da sharaɗin ranar Asabar, da yake ita ce farkon makon karatu a nan, in raka ta makaranta in faɗa wa 'yan ajinsu abin da na gani da idona. Na raka ta kuwa, kuma na faɗa, wannan karon ba ƙari ko ɗaya, don labarin ba ya bukata.

Aikin koyarwa dai ban samu ba. Da Ummu Khalid za ta tafi ta riƙe hannuna a bakin ƙofa tana dariya ta ce Turanci kam sai dai su nemi wata, amma duk ranar da 'ya'yanta suke son koyon tsara labari za ta aiko mini su. Abin mamaki, daga ranar ba ta ƙara fashin Alhamis ba, kuma ita ta tsaya mana daga baya a kan maganar takardu.

Ana dab da magariba maigidana ya dawo daga tasha, kayan aiki duk ƙura, kafaɗa a sanƙare don gajiya. Ya yi kiciɓis da matan a matakala suna sauka. Sitti Hawwa ta tsaya ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa ta ce, "Sannu da zuwa, mai tokare gada!" Sauran suka amsa da guɗa. Bawan Allah ya manne da bango yana zare ido, ya ɗauka wani abin aka haifa bai sani ba. Yana shiga ɗaki Ramla ta tare shi da tambayar ko zai iya ɗaga firij da hannu ɗaya. Ya ce a bari ya ci abinci tukuna.

Daga ranar na ajiye sana'ar duba. In aka tambaye ni wane ne mugu a fim, sai in ce a bari ya yi muguntar mu gani. Na kuma koyi cewa kafin mutum ya nuna wata fuska da yatsa, yana da kyau ya tuna wacce ya wanke da safe.