Ranar da Ta Ƙi Faɗuwa a Las Vegas

"Sannu da dawowa, Sarkin Caca! Ina buhun dalolin, ko a mota ka baro shi?"

"Yawwa, uwar kinibibi. Wa ya kwance ki da yammacin nan?"

Ina kan tsani ina gyara wa maƙwabcina Orval indararo lokacin da jikarsa Kendra ta diro daga mota da wannan gaisuwar. Orval manomin dankali ne a nan jihar Idaho ta Amurka, shekararsa saba'in da shida, kuma tun da nake da shi ban taɓa ganin agogo a hannunsa ba. Ya ɗaga kai ya dubi rana ya faɗa maka lokaci, ka duba naka ka ji kunya. Kendra ce ta tura shi Las Vegas shi da matarsa Darlene, su yi kwana uku na cikar aurensu shekara hamsin. Yau kwanansu biyar da dawowa, Darlene ba ta ce masa uffan ba. Ta ajiye masa abinci ta juya. Abin ya dame ni ƙwarai, don tsohon har ya faɗa. Shi ya sa na rage buga guduma na kasa kunne.

"Kaka, na tura ku ku biyu kuna dariya, kun dawo kamar an yi muku rasuwa. Me ka yi wa kakata?"

"Ni ma tambayar da nake yi wa karen gidan nan ke nan. Ke kika jefa mu garin da ba shi da kai ba shi da gindi. A tsakiyar hamada na ga kwale-kwale yana yawo a cikin gida, wani ƙato yana tuƙi yana waƙa. Na ce wa kakarki, ko dai mun wuce hanya ne?"

"Ƙauyanci dai. Ka ci gaba."

"Ƙauyancin ne ya biya miki kuɗin makaranta, mai kai kamar dankalin da aka manta a rumbu. Ranar Asabar kakarki ta ce mini in sa baƙar kwat ɗina, in rana ta faɗi in same ta a wani ɗan farin gini bayan otal. Na ce to, abincin dare ne na masu tsada. Ta fice abinta da wata jaka."

"Ka sa kwat ɗin?"

"Har da ɗamarar wuya! Na sauko na ratsa injinan caca, na ɓulla wani titi mai shaguna da benci. Na ɗaga kai, ga sama garau, ga gajimare, hasken la'asar sakaliya. Na ce saura awa ɗaya da rabi. Na zauna."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai ba a yi komai ba, yarinya. Na ci gurasa da nama, na ɗaga kai, la'asar. Na sha kofi uku, la'asar. Na yi gyangyaɗi na farka, gajimaren nan bai matsa ko taku ɗaya ba. Na ce lallai iskar garin nan malalaciya ce."

Kendra ta dafe bango. "Wayyo cikina! Ina tabaranka?"

"Tabarau na tsofaffi ne."

"Wayarka fa?"

"Tana mota, inda ta dace. Ke ce ba kya iya zuwa banɗaki sai waya ta nuna miki hanya."

"To, ya ka fita?"

"Wata mai shara ce ta ce in ɗaga ƙafa, za su rufe. Na ce da rana tsaka? Na tura wata ƙofa, sai ga duhu, fitilu ko'ina. Na komo ciki, rana. Na sake fita, dare. Sau uku na yi haka, har wani mai gadi ya tambaye ni ko na sha wani abu ne. Gari ɗaya sama biyu! Ki faɗa mini wacce zan bi."

"Kaka, fenti ne."

"Me ne fenti?"

"Saman. Rufin gini ne aka shafa wa shuɗi, aka zana gajimare, aka kunna fitila. Don irinku ake yi, kada ku san dare ya yi ku tafi gida."

"Ke tafi can! Shekara saba'in ina kallon sama. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Ai kuwa babba ya hango fenti, awa shida yana jira ya faɗi."

Dariya ta kusa kayar da ni daga tsani. Orval ya harare ni, ya harari jikarsa, sannan ya ɗaga kai ya dubi sama kamar ita ma bai ƙara yarda da ita ba.

"To, ko fenti ne," in ji shi, "baƙo ai makaho ne ko da idonsa. A kan abincin dare ɗaya za a yi mini yajin magana? Na ce mata gobe sai mu ci biyu."

Nan dariyar Kendra ta tsaya. "Haka ka ce mata?"

"Har na ƙara da cewa ni na ƙoshi."

"Kaka, ɗan farin ginin nan coci ne, na ɗaurin aure. Wata uku muna shiryawa ni da ita a ɓoye. Jakar da ka gani, rigar aurenta ce a ciki, sau biyu ina kai wa tela ya buɗa ta. So ta yi ku sake yin alkawari kamar ranar farko. Ta tsaya da furanni a hannu har aka ɗaura auren mutum bakwai a gabanta, mai cocin ya ba ta kujera da ruwa."

Tsohon ya zauna a kan matakala. Ban taɓa ganinsa haka ba, ko shekarar da ƙanƙara ta cinye masa gona. Tausayinsa ya kama ni.

"Farar nan mai maɓallai a baya?" ya tambaya a hankali. "Talatin da biyu ne. Ni na san su."

"Ita."

"Rashin sani ya fi dare duhu." Ya kanne ido ya dubi yamma. "Wannan ta sama, ta Allah ce ko ita ma ke kika biya?"

"Ta Allah ce, tsoho."

"To, saura minti ashirin da biyar ta faɗi. Tashi ki ɗauko mini kwat a bayan ƙofa, ki tsinko furannin bakin shinge. Kai kuma na kan tsani, sauko, kai ne shaida."

"Ka yarda na fi ka sanin sama?"

"Na yarda kin fi ni sanin fenti."

"Ban ji ba."

"Kin ci, ja'ira, kin ci! Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

Ta kwance agogon hannunta, wani ɗan ja mai kyalli irin na 'yan mata, ta ɗaura masa. Bai yi musu ba. Muka tsaya mu uku a ƙofar kicin, shi a gaba da kwat da furanni. Rana na taɓa bakin gona ya ƙwanƙwasa.

Darlene ta buɗe, da gari a hannunta. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta dubi jan agogon, ta dubi rana.

"Ka makara da mako guda, Orval," ta ce. "Tsaya nan, kada ka motsa. Maɓallan nan ba sa saurin shiga."