Famfon Ya'u Ya Tafi Biki

Jiya da hantsi ina cikin layin mai a Sabon Gari, babur ɗina a gaba ina tura shi taku-taku, sai na hango Ya'u ƙanin matata rungume da bido, wato jarkar mai. Na ce ikon Allah! Wannan fa shi ne mutumin da bara ya sayar da sansa na huɗa, ya sayo panno biyu masu zuƙar hasken rana da famfon ban ruwa, ya rantse shi da gidan mai sai dai gaisuwa daga nesa. Na ce, "Kai Ya'u, ranar ce ta ƙare a Jiratawa?"

Ya ce, "Rana tana nan, yaya. Famfon ne ya tahi biki."

Ga yadda aka yi. Kun dai ji a rediyo cewa manyanmu, Allah ya ƙara musu lafiya da sanyin ofis, sun ƙudura mayar da yankinmu cibiyar ƙera kayan zamani na yaƙi da canjin yanayi. Matasa za su samu aiki, talauci zai tattara komatsansa. An kafa allo babba a bakin hanya, kuma in faɗi gaskiya, allon ya yi kyau. Sai baƙi masu ba da tallafi suka aiko cewa suna tafe su ga inda aka kwana. To, kayan aikin suna hanya. Tun ina saurayi kayan ƙasar nan suke hanya.

Nan aka tuna da wani manomi a Jiratawa mai famfo sabo fil. Aka tura masa Abdulmutallib, ɗan aiken ofishin manyan, mai farar shadda da laushin baki. Ya durƙusa har ƙasa ya ce aro ake so, na yini guda, biki ya taso wa manya.

Ya'u ya dubi garkarsa. Bai daɗe da dashen tattasai ba, kuma ƙaramin tattasai bai san uzuri ba, ruwa kawai ya sani. Abincin gidan na bana kaf a cikin fangalin nan yake. Amma wa ya taɓa hana aron kayan biki? Tabarmarsa ta je suna ya fi a ƙirga, tukunyar Rahmatu matarsa ta fi Rahmatu sanin gidajen gari. Ya kwance famfon da hannunsa, har ya taya su ɗorawa a mota.

A Maradi aka shafa masa koren fenti, aka manna masa tambarin furoje, wato shirin nan na manya. Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle ya tsaya a gabansa ya shaida wa duniya cewa ga ɗan fari na masana'antarmu, ƙirar ƴan gida. Aka zura tiyo a cikin tano, wato duron ruwa, ruwa ya feso, aka yi tafi. Baƙi suka ji daɗi ƙwarai, har suka ce suna son ganin yadda abin yake isa ga talakawa. Shi ke nan, yini guda ya haihu. Washegari famfo ya wuce Tsibiri.

Ya'u ya hau kabu-kabu ya bi sawu, da niyyar ana watsewa ya ɗauko abinsa. Yana tsaye can baya cikin rana, Mai Girma ya hau jawabi. Makaɗa suka zuga shi, maroƙi ya kira shi ruwan sama gama gari, kai ya ɗau zafi. Sai ya ajiye takardar da aka rubuta masa, ya ɗaga hannu ya ce ya ba ƙungiyar mata masu lambu ta Tsibiri famfon nan kyauta, halak malak. Guɗa ta kaure. Shugabar ƙungiyar, wata dattijuwa gwauruwa da ake kira Inna Saloma, ta fashe da kuka. Ya'u ya ce mini sai ganin hannuwansa ya yi suna tafi, don kowa tafi yake yi.

Da aka watse ya tare Abdulmutallib. Shi kuwa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba Malam Ya'u, babba ya yi magana gaban baƙi, telebijin ta ɗauka, sai mu ce ya lashe? Ka yi hanƙuri. Kayan furoje na isowa, kai ne na farko."

Ran Ya'u ya ɓaci, ya kwana yana huci. Da safe ya koma Tsibiri da shirin faɗin gaskiya komai ɗacinta. Ya tarar da matan sun kewaye rijiya. Ya gane abinsa tun daga nesa, ga ɗaurin roba da ya yi wa wayar da kansa, fenti bai rufe shi ba. Inna Saloma ta tarbe shi da ruwan sha, ta ɗauka cikin mutanen furoje yake. Ta buɗe masa tafin hannunta, duk kanta, ta ce, "Ɗana, tun rasuwar maigidana nike jan guga. Jiya ne kaɗai na kwanta kafaɗata ba ta yi mini kuka ba. Amma duba mana, tun safe abin yana ta tari."

Ya'u ya ajiye kwanon ruwan. Ya tsuguna ya kwance matatar famfon, ya wanke yashin da ya toshe ta, ya nuna musu yadda ake goge panno da tsumma mai laushi. Suka sa masa albarka, suka cika masa leda da salati. Salatin ya kai wa Rahmatu, kuma abin da Rahmatu ta ce ba zai bugu a jarida ba.

Kafin ya samu aron wani tsohon inji mai shan isansi, wato fetur, wurin maƙwabcinsa, rabin tattasan ya kwanta. Yana fama da ragowar ne, injin yana hayaƙi kamar ana gasa kifi, sai ga jerin motoci sun tsaya a bakin garkar. Ashe ranar rangadin wayar da kan manoma ce, kuma ana neman misalin wanda bai waye ba. Mai Girma ya sauko, ya toshe hanci da hankici, ya nuna wa baƙi Ya'u ya ce irin waɗannan ne suke ɓata mana yanayi. Sannan ya juyo cikin tausayawa ya ce, "Bawan Allah, ka tafi Tsibiri ka ga yadda mata suka ci gaba. Ka ga famfon da muka ƙera musu."

Abdulmutallib yana bayan Mai Girma, yana nazarin takalminsa.

Ya'u ya cire hula ya ce, "Na je, ranka ya daɗe. Famfo ne mai kyau."

Ni ban ga laifin manya ba. An ce kayan aro ba ya rufe katara, amma ga shi ya rufe ta masana'anta guda, har da saura. A ƙasashen da ba su iya lissafi ba, sai an gina ma'aikata an ɗauki ma'aikata kafin a samu famfo ɗaya. Mu da gaisuwa da gwangwanin fenti muka samu namu.

Saura mutum kaɗan layi ya iso kanmu, mai gidan man ya rataye tiyo ya ce ya ƙare, sai an kawo. Yana hanya. Ya'u ya girgiza bidonsa, ya ɗaga kai ya dubi ranar da ke dukanmu kyauta, ya ce in ya yi sauri zai samu ba tattasan ruwa da guga kafin azahar.

Na ce masa ya gode wa Allah, ranar dai ba a are ta ba tukuna. Amma ya rage nuna ta da yatsa a gaban mutane, kada wani ya kai labari ofis.