Ranar Da Kawu Clifford Ya Tashi Miƙe Gurgun Zakara

"Ni fa gini da ido nake karanta shi," in ji Kawu Clifford, yana shafa tumbi. "Waɗanda suka gina gidan nan a buge suka yi aikin. Ku dai zuba ido."

Jama'a, mutumin da bai taɓa buga ƙusa ta shiga a miƙe ba! Shi ya sayi Gurgun Zakara, tsohuwar mashayar ƙauyenmu, ni kuma nake tsare masa kantar sayar da abin sha. Komai na gidan a karkace yake. Ka ajiye kofi a tebur, sai ya zame ya tafi gaida na kusa da kai. Haka muke son abinmu. Kuma gidan yana cikin gine-ginen tarihi: ka taɓa katako ɗaya ba izini, sai kotu.

Na ce, "Kawu, izini fa?"

"Izini! 'Yar nan, ai izini na 'yan koyo ne."

Ranar Lahadi da rana, ana tsaka da cin gasasshen nama, sarkin magina ya sauka ɗakin ƙasa da jak ɗin motarsa, ya kafa shi ƙarƙashin gungumen da ke ɗauke da daɓe. Ya murɗa. Gida ya yi ƙiiii.

Ya ƙwalo daga ƙasa, "Kun ji? Godiya yake yi!"

Ya ƙara. Kofuna suka yi kwana, suka nufi ɗaya gefen. Ya ƙara. Farar ƙasa ta zubo daga rufi cikin romon tsoho Wilf, wanda kullum yana nan.

Wilf ya ce, "Kai Clifford! Na ce maka gishiri bai ji ba ne?"

Murɗa ta gaba, ƙofar shiga ta cije. Ta baya ma ta ce ba a bar ta a baya ba. Muka zama fursunoni.

Sai wata mata a teburin kusurwa ta ajiye cokali. Ashe Misis Ackroyd ce, jami'ar kula da gine-ginen tarihi, abinci kawai ya kawo ta. Ta sauke tabarau kan hanci, ta ce da siririyar murya, "Waaa ke ɗaga gidan nan?"

Gogan naku ya hauro duk yanar gizo-gizo a ka, ya gan ta, ya haɗiyi yawu.

"Girgizar ƙasa ce, ranki ya daɗe! Bari in nemo taimako."

Ya afka 'yar ƙaramar tagar da ke gefen murhu. Kai ya wuce. Kafaɗu suka wuce da ƙyar. Tumbi ya ce shi nan zai yini.

Na kira 'yan kwana-kwana. Suka ja, muka tura, ba motsi.

Kawu yana haki, "Ku yanke katakon! Don Allah ku yanke!"

Mai zarto ya ɗaga murya daga waje, "Madam, mu yanke?"

"Ko ƙwarzane ban yarda ba. Tagar nan doka ta kare ta." Ta dubi ƙafafun Kawu suna wutsil-wutsil a iska, ta ɗauki cokalinta. "Shi dai abin da ya toshe ta ba kayan tarihi ba ne. Ku rage shi yadda kuka ga dama."