Takalmin Tsoron Yawun Kare

Da Baturen da ke haya a benen da nake gadi a unguwar Safa ya roƙe ni in riƙa zagayawa da karensa kullum da yamma, abu ɗaya ya dame ni: yawu. Karen nan ba ya ganin ƙafa bai lasa ba, ni kuma ina da salla a gabana.

Sai na yi dabarar manya. Na je kasuwar Bab Makka na zaɓi takalmin roba irin na masu wankin mota, baƙi, har gwiwa. Mai shagon ya ce, “Ya ammi,” wato baffa da Larabci, “ɗauki mai yalwa, ƙafa tana kumbura a zafi.” Na ce masa tun ba a haife shi ba nake sa takalmi. Na ɗauki mai kama ƙafa cif.

Ranar farko muka zaga unguwa sau biyu, gumi ya taru a ciki, ina tafe ana jin cakwal-cakwal. Da aka kira magariba na zauna a ƙofar gida in cire, takalmi ya ce bai san zancen ba. Usman, direban gidan, ya kama ƙafa yana ja, mai shagon kusa da mu ya riƙe ni ta hammata. “Yalla Baba, saki jikinka!” in ji Usman. Ina kwance, ba hannun kare kai, karen ya matso a natse ya lashe ni daga gemu har goshi.

Jam'i ya wuce ni. Takalmin kuwa sai da aka sa almakashi.

Har yau in mun haɗu a masallaci, Usman sai ya leƙa fuskata ya ce, “Baba, an samo takalmin gemun kuwa?”