Giyar da Ta Sa Ni Durƙusawa a Sentul

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da ɗana Bitrus ya kai ni wurin iyayen yarinyar da yake nema ba. Ni ban yi boko ba, Rifkatu maƙwabciyarmu ce ke rubutawa, na kuma ce mata kar ta gyara mini komai, kunyar tawa ce.

Lokacin ban daɗe da zuwa Kuala Lumpur ba. Baban Bitrus ya rasu, yara suka ga kuka zai kashe ni a ƙauye, sai Bitrus ya ɗauko ni zuwa gidansa a Danau Kota, can saman dogon bene inda ko kaza ba ka ji. Har yau in na dafa abinci sai in ga na zuba kwano biyu. Mutumin nan shi ne bakin gidanmu. Duk auren da aka nema a danginmu shi ke gaba, ni ina baya da tulu. Yanzu ga auren ɗansa na fari ya zo, ni kaɗai.

Yarinyar sunanta Meri, 'yar Indiyawan ƙasar ce, a coci suka haɗu. Ubanta yana da ɗan shagon giya a Sentul. A tashar jirgin ƙasa ta Titiwangsa, ina fama da matakalar nan mai tafiya da kanta, na riƙe rigar Bitrus na tambaye shi me za mu yi a can. Ya ce, "Mama, ki kwantar da hankali mana, ɗan testin ne kawai."

Ashe da Turanci kalmar ɗanɗanawa da kalmar gwaji kusan bakinsu ɗaya. Ni kuwa tes ɗin da na sani shi ne na asibiti, wanda aka yi ta yi wa maigidana, kuma ba a taɓa kawo mana sakamako mai daɗi ba. Na ce a raina, to, yau za a gwada gidanmu, kuma ni ce za a gwada.

Mun samu shagon ba a buɗe ba tukuna, sai iyalin kawai. Baban Meri dattijo ne mai farin gashin baki, yana ɗingishi. Ya gaishe ni da hannu biyu, matarsa ta rungume ni, aka zaunar da ni a kan wata doguwar kujera da ƙafata ba ta kai ƙasa. Sai ya kawo wani katako da ƙananan kofuna huɗu a jere, kowanne da kalarsa, ya ajiye a gabana ni kaɗai. Kowa ya zuba mini ido.

Kar ku ga kamar ban san giya ba. Na yi shekaru ina dafa burkutu a ƙauyenmu bayan Kafanchan, da shi na biya makarantar yaran nan, kafin in shiga zumuntar mata ta coci in kife tukunyar (Rifkatu, wannan ma rubuta, fasto ya sani). A wurinmu kuwa giyar neman aure magana ce. Idan gidan yarinya suka fito muku da mai kyau, sun karɓe ku. Idan suka fito da wadda ta kwana ta yi tsami, ba mai ce muku komai, ku da kanku za ku ɗauki sandunanku. Saboda haka na dubi kofunan nan na ce, magana huɗu ke nan.

Na farkon fari ne fes, ana ganin yatsa ta cikinsa. Na kurɓa. Ƙanshin mangwaro, ba nauyi, ba ya tsaya wa mutum a ciki. Burkutun kirki in ka sha ƙoƙo ɗaya ka ci abinci. Na ce, wato suna nufin ɗana ba shi da nauyi. Na gyara zama na haɗe rai don su ga muna da nauyi.

Na biyun kamar an jiƙa shuwaka a ruwan lemo. Ɗaci ya kama mini maƙogwaro har kunne. Baban Meri ya yi dogon bayani yana murza yatsu a hanci, Bitrus ya ce wai wani fure ne ake sakawa don ɗacin. Wa ke sa ɗaci a giya da gangan? Mu in ta yi ɗaci tsiron dawar ne ya lalace, aladu ake ba. Na ce wannan gargaɗi ne, aure da ɗaci. Na shanye tas na murmusa, ina jin hawaye na taruwa.

Na ukun baƙi ne wuluk, da kumfa a kai, yana ƙaurin tuwon da aka manta a wuta. Na dubi kofin, na dubi hannuna, na ce to, an zo kan fata. Abin haushi kuma shi ne ya fi mini daɗi, don shi kaɗai ke da jiki. Na rasa ko in yaba ko in yi fushi. Na juya hagu in tambayi Baban Bitrus, sai na ga fankar bango.

Zuwa nan kaina ya fara juyawa, don rabona da giya tun Bitrus yana sakandare. Baban Meri ya turo mini na huɗun da kansa, ja kamar zoɓo, yana murmushi har kunne. Na kurɓa.

Tsami. Tsamin da ko tsamiya ba ta kai ba, da warin tulun da aka bari mako guda ba a wanke ba. Na san wannan giyar. Na taɓa ganin an fito wa wasu mutanen Kagoro da irinta, suka tafi ba sallama. Na dubi Bitrus, yana ta washe baki, bai san an kore mu ba. Yaron da ya tashi a makarantar kwana, ina zai sani?

Ban san lokacin da na sauko daga kujerar nan ba. Sai dai na gan ni a ƙasa, gwiwa biyu, na kama ƙafar wandon dattijon ina kuka da Hausa. Na ce masa yaron maraya ne, ubansa bai shekara a ƙasa ba. Na ce ba ya dukan ko kare, yana da fili a gida, kuma baƙin nan na gado ne, ba cuta ba ce. Na ce, "Baba, in laifin zuwa ba namiji ne, ku hukunta ni. Da mai gidan yana raye da ba ku ba mu ruɓaɓɓiya ba."

Bitrus yana ta jan hannuna yana cewa Mama, Mama. Dattijon kuwa ya ɗauka haka ake yi a al'adarmu, sai shi ma ya durƙusa da gurguwar gwiwarsa. Matarsa ta ga mijinta a ƙasa, ta bi. Muka zube mu uku a gindin kujeru, ina kuka, matar ta kama kuka ba ta san dalili ba, shi kuma yana ta gyaɗa kai yana amsa duk abin da na faɗa. Da aka zo tashi, sai da Bitrus da Meri suka cicciɓe shi.

A ƙofar bayan gida Bitrus ya yi mini bayani, muryarsa ƙasa-ƙasa. Sun amince da auren tun kafin in hau jirgi. Ya gaya musu uwarsa gwanar giya ce, shi ne uban ya ce don girmamawa ni zan zaɓi wadda za a sha ranar biki. Mai tsamin kuwa da gangan ake tsamar da ita, daga Turai ake kawowa, ita ce abin alfaharin shagon. Na tambaye shi ko ya fassara kalmar ruɓaɓɓiya. Ya ce ya gaya musu na ce ta tuna mini da gida.

Wannan ƙaryar ce ta gama da ni. Baban Meri ya ce giyar da ta sa uwa kuka ita ce giyar aure, ba sai an ƙara tambaya ba. Na buɗe baki in ce baƙar nake so, Bitrus ya taka mini ƙafa.

An ɗaura auren lafiya, Ubangiji ya ba ni suruka ta gari. Amma ranar biki na zauna ina kallon 'yan Jos da 'yan Kaduna suna kurɓa suna yamutsa fuska, suna tambayar wa ya zaɓo wannan abu. Sai a nuno ni, wai ga gwanar can mai ɗankwali. Wata ma ta zo ta tambaye ni a hankali ko haka burkutun garinmu yake, na ce e, haka yake.

Abin da na koya a tsufana shi ne, in ban gane abu ba, in tsaya a kan kujerata in yi tambaya tukuna. Durƙuso ba wuya, amma a shekarunmu tashin sai da mutum biyu.