Tafintan Dinah

"…da gajiyar hanya kuma? Ko da yake wace gajiya ga mutumin da babur ke goyo."

Dinah ce, zaune a barandar gidansu a Zuru, kwamfuta bisa cinya. Haggai take yi wa sannu, ɗan kawunta, taubashinta, wanda ya koma kabu-kabu tun da 'yan bindiga suka raba shi da gonarsa a wajen Bena. Harin nan ne ya rufe makarantar da Dinah ke koyar da kwamfuta. Yau ta aike shi Mahuta ya karɓo filash, ɗan abin adana bayanan kwamfuta, wurin wani malami da ya tsira da ayyukan ɗalibanta.

"Baiwa, haka ake gaida ubangida? Ki durƙusa."

"Ubangidan da ake aike? Miƙo."

Ya miƙa, ya zauna bisa turmi. Ta soka filash ɗin a kwamfuta, ta danna fayil na farko. Shiru. Ta danna na biyu, shi ma haka.

"To, malamar duniya! Na haɗiye ƙurar Mahuta a banza."

"Rufe baki, ƙudaje na shiga. Kwamfuta ba ta jin Hausa, yaran kuwa da Hausa suka rubuta umarninsu. Shi ya sa na ƙera mata tafinta."

"Kin ƙera? Ke da tuwo ma sai ya yi gudaji a hannunki."

"Wanda kake lashe kwano. Dubi layin farko. Nan fayil ke faɗin sunan tafintansa da inda yake ajiye. Kwamfuta ta karanta wannan layin, ta kira tafinta, ta ba shi sunan fayil ɗin. Shi zai buɗe, ya bi layi-layi, ya aikata."

"To mi ya hana?"

Dinah ta nuna layin da yatsa. Ita ta koya wa yaran rubuta shi, a allo, da alli.

"Wurin da suka rubuta yana cikin kwamfutar makaranta. Wadda aka ƙona."

Haggai ya kakkaɓe hularsa a gwiwa.

"Ashe tafintan naki ma ɗan gudun hijira ne. Ki kai shi layin rabon masara, kusa da ni."

"Shi aƙalla yana da aiki."

Ta ga maganar ta shige shi fiye da yadda ta nufa. Ba a ba taubashi haƙuri, sai ta juyo da kwamfutar gabansa.

"Akwai wata hanya. Zan kira tafintan da kaina, in rubuta sunansa, in bar fili, in sa sunan fayil a gabansa. Zo ka gani, ko Allah zai sa wani abu ya shiga ƙwaryar kan nan."

"Na wa za ki buɗe?"

"Na Praise."

Praise 'yarsa ce. Tun da aka rufe makarantar ya kai ta Birnin Kebbi wurin ƙanwarsa, don ɗakin da ya kama a Zuru bai isa ba, abincin ma haka.

"Kar ki ɓata wa 'yata aiki da wannan ƙirar taki ta maƙeran garin Dabai."

Ta danna. Rubutu ya fito: Wane ne?

"Rubuta sunanka, in ka iya."

Ya rubuta da yatsa ɗaya, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Amsa ta fito: Baba, tashi, rana ta yi. Shanu na jiranka.

Da Dinah ta san abin da ke ciki, da na wani ta buɗe. Shanun Haggai aka fara kora ranar harin.

Haggai ya tura mata kwamfutar.

"Sa naki sunan."

Ta sa. Amsa ta fito: Ban san ki ba.

Ya fashe da dariya har ya zame daga turmin, yana share ido da bayan hannu.

"'Yar halak! Ta san bayi ba sa shiga lissafi."

"Suna ɗaya rak ta koya masa, sakarai. Naka."

Dariyar ta tsaya. Ya zaro ƙullin gyaɗa daga aljihu ya ajiye mata kusa da kwamfutar.

"Kin ci wasan yau. Ta tasha ce, sayowa na yi, ni Haggai da ke cika rumbu da ita." Ya gyara zama. "Sake kiran tafintan. Wanga karon ni zan rubuta duka."